Dirkokin Cikin Katanga

Sai da aka yi wata biyu da faɗuwar Malam Muttaƙa kafin 'yarsa Mas'uda ta gane abin da ke ramar da shi. Likitan Djougou ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa hagu, amma da sauƙi. Hannun dama yana aiki, baki yana magana, in an dage da magani da abinci zai miƙe. To magani kam yana sha. Abincin ne ya zama rigima. A kai masa tuwo ya yi loma biyu ya ture, a dama koko ya ce ya ƙoshi, ruwa kuwa sai kurɓin da zai tura ƙwaya. Mutumin da a dā shi kaɗai yake tashi da malmalar sakwara biyu, yanzu riga tana yawo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

Duk ranar Asabar Mas'uda takan rufe shagon ɗinkinta na unguwar Albarika a Parakou, ta shiga mota ta zo. A wani zuwan ne mahaifiyarta, Inna Halimatou, ta ja ta madafa ta faɗa mata gaskiya da ƙaramar murya. Daga ɗakin Malam zuwa bayi taku ashirin ne, a bin katanga. Ita Inna ce ke tallabarsa, ga shi bayanta ya daɗe da ƙarewa, har ran nan suka zube tare a tsakar gida, ya kwanta a ƙasa yana kallon sama sai da ta huta ta ja shi. An kawo masa fo ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki. Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci, abin da bai shiga ciki ba ba zai nemi fita ba.

Mas'uda ta ji abin har cikin ƙashinta, tausayi da haushi a haɗe. Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, a kira magini ya kafa ƙarfen dafawa a jikin katangar, kamar wanda ta gani a asibiti. Inna ta kai maganar, ta dawo da amsa kafin ruwan zafi ya huce. Shekara arba'in Malam yana koyar da Alƙur'ani a zauren gidan nan, babu magini ko kafinta a unguwar da bai zauna gabansa da allo ba. Ya ce wanda ya koya wa tsarki ba zai zo ya auna masa hanyar bayi ba.

Mas'uda ce 'yar fari, don haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa fuskantarta da magana kai tsaye ba. Inna ta daɗe da sassauta tata kunyar, tana ce mata Tela. Shi kuwa tun da aka kai ta ɗakin miji ya raɗa mata “mutanen Parakou”, ko tana zaune a gabansa sai dai ya ce wa Inna a tambayi mutanen Parakou ya hanya. Ƙanenta Hamza, wanda ya kamata ya yi aikin nan, yana jan babbar mota tsakanin Cotonou da iyaka, sai ya yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba. Mas'uda ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga kowa ba sai kanta.

Iliassou mai walda, maƙwabcin shagonta, shi ta fara kai wa kukanta. Ya yanka mata bututun ƙarfe guntu-guntu yadda za su hau saman mota, ya yi musu maƙalai masu zamewa, a tsayar da su duk inda ake so. Sai maganar huda katanga. Injinsa mai igiya ne, kuma da shi yake cin abinci kullum. Ban da haka wutar gidan Malam ƙwan fitila uku take kunnawa, ita ma sai ta ga dama. Ya ce ta nemi mai batir, kuma lalle mai guduma, wato wanda yake dukan bango yana juyawa, in ba haka ba siminti zai cinye mata yini a rami ɗaya. Ya tambaye ta katangar ta mece ce. Ta ce ta siminti mana, ai a jikinta ta yi wasan ƙuruciya, ta san ta kamar tafin hannunta. Allah sarki, da ta san abin da wannan amsar za ta jawo mata da ta ɗan yi jinkiri.

Abin da ke hannunta ɗan abin da ta tara ne don sayen keken surfila mai ɗinke bakin yadi, jaka arba'in, ba ƙari. Ta ɗaure shi a bakin zane ta hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa shagunan kayan gini.

A shagon farko aka buɗe mata wani jan akwati, ciki har da ƙyalli. Inji da baki kusan talatin a jere, an rubuta 88V ɓaro-ɓaro a jikin batir, kuɗinsa kuma rabin abin da ta zo da shi. Mai shagon ya yi ta zuba kamar kanya. Mas'uda ba ta san komai game da injin huda bango ba, amma shekara ashirin da biyar tana zaman keke, kunnenta ya san kukan ƙarfe mai lafiya. Ta ɗaga shi ta ji sakayau kamar busasshiyar ƙwarya. Ta danna ta ji yana karkarwa, bakinsa yana rawa hagu da dama. Ta ajiye ta ce araha ba ta ado, ta yi gaba.

Na shago na biyu tsoho ne na Turai, irin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, mai suna, mai nauyi, kukansa sumul. Har ranta ya biya. Sai ta ce a huda mata wani abu ta gani. Rami uku ya yi a katako ya fara nishi, a na huɗu ya mutu. Da ta tambayi kuɗin sabon batir irin nasa, mai kayan ya kama sosa ƙeya yana cewa sai an aika Cotonou.

Rana ta take sannan ta faɗa shagon Hachimou, wani dogon Bazabarme mutumin Dosso, mai Hausar Nijar. Abin da ya tsayar da ita wani bulo ne a bakin ƙofarsa, duk jikinsa ramuka kamar saƙar zuma. Ta ce a ranta wannan ba ya tsoron a gwada kayansa.

“Madame, perceuse ɗin na monsieur ne?” in ji Hachimou, da ta ce injin huda take nema.

“Monsieur ko ƙwan lantarki ya mutu ni yake kira. Nawa ne.”

Hachimou ya yi dariya ya jawo mata kujera. Bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba, sai dai ta ce ƙarfe za ta kafa wanda zai ɗauki nauyin babban mutum. Ya fito da uku ya jera. Ƙaramin mai volt goma sha biyu ya ce na rataya labule ne da haɗa kabad, kada ta wahalar da shi. Babban na masu kwangila ne, ko ta sayar da kekenta ba za ta kai ba. Na tsakiyar mai goma sha takwas shi ne daidai gida. Ya nuna mata zoben da ake murɗawa a wuyansa, ga hoton sukurori, ga na huda, ga na 'yar guduma. Ya ce ta riƙa duba bakin da ke kama ƙarfen hudar, in na roba ne ta bar musu kayansu. Lambar da aka rubuta a jikin batir kuwa, ya ce fenti ba shi da tsada, kowa yana iya rubuta abin da ya so. Kuma ƙananan batir biyu sun fi babba guda, musamman a garin da wuta ke zuwa baƙunta.

Mas'uda ta soke gefen hijabinta a ƙugu, ta durƙusa gaban bulon nan, ta dafe injin da hannu biyu yadda ya nuna mata. Ya yi ƙara har haƙoranta suka amsa, farar ƙura ta zubo, kafin ta ƙirga goma ya shige. Wani daɗi ya kama ta irin na ranar da ta fara ɗinka riga ita kaɗai.

Kuɗin ne ya ɗara nata. Suka yi ta ja, shi yana rantsuwa da sari, ita tana rantsuwa da bakin zanenta. Can ta ce to ya cire akwatin, ya cire jerin bakunan da ba ta buƙata, ya bar mata inji da batir biyu da caja, da baki biyu na siminti. Ya ce bai taɓa ganin mai sayen inji tsirara ba. Ta ce ba akwatin za ta kafa a bango ba. Haka ya naɗe mata shi a buhun shinkafa, ya haɗa da sukurori da 'yan robobin da ake cusawa a rami su riƙe su. Har ta kai ƙofa ya kira ta ya jefa mata baki ɗaya na katako a buhun, ya ce gyara ce, wata rana zai yi amfani.

Sati guda ta yi tana koyo a bangon gidanta. Mijinta Abdoulaziz ya ce in aka ƙara kwana uku, shi ma za a huda shi a rataye.

Ranar Asabar da hantsi ta sauka a Djougou da bututunta. Malam yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinsa, carbi a hannun dama, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa wa iska. Ya ga ƙarafan, ya ga buhun, bai ce a yi ba bai ce a bari ba, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin izini. Ta zaro awon ɗinkinta da allin tela, ta ja layi a katangar daidai ƙugu tun daga ƙofar ɗaki har ƙofar bayi. Ta murɗa zoben zuwa kan guduma, ta yi bisimilla, ta danna.

Injin ya ɗan yi gardama kamar kaurin yatsa, sai kawai ya zurma har wuya, ta kusa buga goshi da bango. Da ta zare, jar ƙasa ce ta biyo shi tana zuba kamar gari, sannan wani ɓawon siminti mai faɗin faranti ya ɓanɓaro ya faɗo a ƙafarta. Ta ce ko wurin ne ya ruɓe, ta matsa gaba ta sake. Haka. Ta cusa robar ta ɗaura sukuru, ta ja da yatsu biyu, ya fito da robarsa da komai.

Katangar da ta rantse ta siminti ce, ginin ƙasa ce aka yi wa yaɓe. Duk guduma da volt da ta yi yawon rana a kansu, ga su nan a hannunta ba su da abin duka. Ƙarfen da aka kafa a wannan bango, ranar da Malam ya jingina da shi ranar zai kai shi ƙasa. Mas'uda ta zauna daɓas a kan turmi, injin a cinya, ta juya wa rumfa baya don kada a ga idonta. Kunya ta ishe ta, ga baƙin ciki, ga tsoron za ta koma Parakou ta bar shi yana bushewa.

Daga bayanta ta ji muryarsa, a hankali, harshen yana ɗan nauyi.

“Uwar Hamza, tambayi mutanen Parakou, wa ya ce musu katangar nan ta siminti ce?”

Inna, wadda ke tsaye tsakaninsu da ludayi a hannu, ta maimaita tambayar kamar ba a ji ba. Mas'uda ta ce a gaya wa Baba babu wanda ya faɗa mata, idonta ne ya yaudare ta.

 Sai ya soma ba Inna labarin da Inna ta riga ta sani. Shekarar da suka tare a gidan nan babu katanga, zana ce. Shi da kansa ya je dajin Kolokondé ya saro dirkokin ƙirya, ya kafa su, kowace ya binne ta har gwiwa. Da Allah ya hore aka zo ginin ƙasa, maginin ya ce a tuge su, aka yi aka yi suka ƙi, sai aka bar su ginin ya haɗiye su. Yaɓen siminti daga baya ne, lokacin mutanen Parakou suna goye. Ƙirya kuwa gara ba ta cinta. Suna nan ciki tsaye, in ji shi, kamu uku-uku tsakaninsu, ta farko kamu ɗaya daga ƙofar ɗaki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mas'uda ta miƙe ta share fuska da hijabi, ta ɗora gwiwar hannunta a bango za ta auna. Malam ya ce a gaya musu ba da kamunsu aka kafa ba. Sai ta miƙa wa Inna awon ɗinki, Inna ta durƙusa da ƙyar ta auna hannun mijinta daga gwiwa zuwa kan yatsa, ta riƙe wurin da farce ta kawo. Hannun ya rame har awon yana zamewa, amma tsawonsa yana nan yadda yake.

Hudar farko ta kuskure, jar ƙasa ta sake zubowa. Malam ya ce a ƙwanƙwasa a saurara. Ta karɓi ludayin Inna ta bi layin tana bugawa da gindinsa, kunnenta a jikin bango, har ta ji inda amon ya toshe, yatsa uku gaba da inda ta huda. Ta kashe gudumar, ta huda yaɓen a hankali, ta sauya baki ta sa na katakon nan na gyara. Injin ya shiga ƙasa, sai ya ci karo da wani abu ya sauya kuka. Ta dafa da ƙarfinta. Wani siririn hayaƙi ya fito, da garin itace baƙi-baƙi mai ƙanshi. Ta tara a tafin hannu ta ba Inna, Inna ta kai masa. Ya shinshina, ya murza da yatsu, ya ce ita ce.

Daga nan aiki ya zama na mutum uku. Sukurorin Hachimou sun yi gajarta, sai da ta hau zem zuwa kasuwar Djougou ta samo dogaye masu kai kamar goro. Ƙiryar nan ta shekara arba'in da ɗoriya ta yi taurin ƙarfe, a dirka ta biyar batir na farko ya ƙare, wuta kuwa tun safe ba ta leƙo ba, ta sa na biyu tana yi wa Bazabarmen nan addu'a. Malam daga tabarmarsa yana ba da umarni, a ce musu su ɗan sauko, a ce musu layin ya karkace, a ce musu ta bakwai ba ta kai kamu uku ba don akwai tushen bishiya a wurin da ya hana shi haƙa. Inna tana kai da kawo da maganar da kowa ya riga ya ji, har ta gaji ta ce su biyun nan za su ƙarasa mata baya. Rabon da a ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin ya faɗi. Cikin bayin ne kaɗai gudumar ta samu aiki, don Hamza ya sake shi da bulo shekara uku da suka wuce, ta kafa guntun ƙarfe biyu a can.

Bayan la'asar ta ɗaure maƙali na ƙarshe. Ta bi bututun daga farko zuwa ƙarshe tana rataya da duk nauyinta, kuma Mas'uda ba ƙaramar mace ba ce. Ko motsi bai yi ba. Ta share ƙasar da ta zuba, ta naɗe injin a buhunsa. Babu wanda ya ce wa Malam ya gwada. Inna ta ce akwai shinkafar da za a tsince, suka shige madafa suka ja labulen buhu, suka zauna da faifai ɗaya a tsakaninsu ba mai tsintar komai.

An daɗe ba a ji motsi ba. Sannan tabarma ta yi ƙara, aka ji nishi, aka ji zoben azurfarsa ya bugi ƙarfe. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. A tsakiyar hanya ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ƙofar bayin ta kwano ta buɗe ta rufe.

A nan ne wani abu ya faɗo mata. Da tafiya katangar tana damansa. Da dawowa za ta koma hagunsa, wajen hannun da ba ya riƙo. Duk awonta da allinta ba ta yi wannan tunanin ba. Ta yunƙura za ta tashi, Inna ta damƙe mata zane ta zaunar da ita.

Ƙofar ta sake buɗewa. Mas'uda ta kasa haƙuri, ta sa ido ta ɓular labule. Ya tsaya yana kallon ƙarfen, ya kalli hannunsa. Sai ya juya ya fuskanci katangar, ya kama da dama, ya soma tahowa a gicciye, taku ɗaya ya jawo ɗaya ƙafar, goshinsa kusan yana gogar yaɓen. Ta saki labulen ta koma ta zauna, hawaye yana ɗiga cikin shinkafa.

Suka ji ya kai, suka ji ya zauna. Ya daɗe yana mai da numfashi.

“Uwar Hamza. A ba ni ruwa. A babban kwanon nan.”

Inna ta tashi da saurin da bayanta ya manta da shi, ta cika kwanon sha daga randa ta fita. Jim kaɗan ta ɗaga labule ta shigo, ta kife kwanon a gaban Mas'uda, ko ɗigo bai zubo ba.

“Wai a ƙaro,” in ji ta.